Maigida Yana So In Karanci Aikin Asibiti, Ni Kuwa Zuciyata Tana Aji

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, muna zaune a wani ƙauye a yankin Gumel. Shekara 16 ke nan da na gama sakandare, a shekarar kuma aka yi min aure. Tun daga nan ban sake zama a aji da sunan ɗaliba ba, amma shekara shida ke nan ina koyar da yara da matan aure a Islamiyyar unguwarmu, abin da ake ba ni bai wuce kuɗin sabulu ba. Bana autana ya shiga firamare, sai sha'awar komawa makaranta ta taso min har tana hana ni barci.

Maigida ya amince, ya ce in Allah ya ba da riɗi da kaka shi zai biya. Sai dai aikin asibiti yake so in karanta. Shekara uku da suka wuce ƙanwarsa ta rasu a hanyar kai ta asibiti wajen haihuwa, kuma asibitin garinmu ma'aikaci ɗaya ne, namiji, mata ba sa son zuwa awo wurinsa. Ni kuwa koyarwa nake so. Ba ajin kimiyya na yi ba. Ina da kiredit a Hausa da Addinin Musulunci da Gwamnati da Tattalin Arziki, Turanci da Lissafi da Bayoloji fas ne, Kemistiri da Fiziks kuwa ban taɓa yin su ba. Kuma in na ga jini jiri yake ɗiba ta.

Yayana da ke aiki a Dutse ya ce NCE, wato takardar shaidar koyarwa ta kwalejin ilimi, ɓata lokaci ne, in nemi jami'a kai tsaye, zai sa a rage min shekaru. Uwar mijina ta ce karatun tsufa ne, wa zai riƙe gida? Babbar 'yata shekararta 14, har an fara cewa ita za ta riƙa girki. Ina tsoron in ce wa maigida a'a ya janye gaba ɗaya. Ina kuma jin kunyar zama aji ɗaya da yaran da na kusa haifa. Anti, me zan zaɓa?

'Yar'uwarku daga yankin Gumel

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan ƙanwar maigidanki, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin in taƙaita ta na lura da wani abu: duk inda kika ambaci Islamiyya sai maganarki ta yi tsawo, kina ba da labarin matar da ta fara haɗa baƙi a hannunki bayan ta haifi 'ya'ya bakwai. Inda kika ambaci asibiti kuwa layi biyu ne, kuma tsoro ne a cikinsu. Don haka ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: na fi karkata ga koyarwa. Amma ban yarda ki je gobe ki ce wa maigida a'a ba. Akwai aikin wata uku da nake so ki yi tukuna, zan zo kansa.

Maganar kunya ba zan daɗe a kanta ba, don ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolinki. Ki shiga kowace kwalejin ilimi a Jigawa ko Kano da safe, za ki ga mata da goyo a baya suna sauri kada lakca ta wuce su, za ki ga magidanta masu furfura a gemu. Sati biyun farko ne za ki ji kamar kowa ke yake kallo, daga nan sai yaran su fara kiran ki Anti ko Mama, su riƙa kawo miki damuwarsu. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, manyan mata ne da ake kira jaji suke tasowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su koyar da 'yan'uwansu mata a cikin gidaje. Aikin da kike yi shekara shida ɗin nan daga wannan zuriyar yake. Abin da zai ba ki wahala da gaske ba idon mutane ba ne, Turanci ne da saurin rubutu da kwamfuta. Hannun da ya daɗe bai yi rubutun boko mai tsawo ba yakan gaji a shafi na biyu. Ki fara tun yanzu: littafin Turancin babbar 'yarki, shafi ɗaya kullum bayan sallar isha, ki karanta a bayyane, ki kwafe shi da hannunki.

Yanzu maigida. Ina so ki dube shi da kyau, domin mutumin kirki ne. Maza nawa ne a ƙauye za su ce za su sayar da riɗinsu don matarsu ta koma makaranta? Kuma ba kwaɗayin albashi ne ya sa ya zaɓi asibiti ba. Mutum ne da ƙanwarsa ta cika a hanya, yana ji yana gani ba abin da zai iya. Har yanzu wannan daren bai bar shi ba, yana neman hanyar da ba za a sake yin irinsa a garinku ba, kuma ke ce mutumin da ya fi amincewa da ita. In kika ce masa "ni ba na so" kawai, abin da kunnensa zai ji shi ne mutuwar ƙanwarsa ba ta dame ki ba, alhali ta dame ki. Buƙatar da ya gani kuwa gaskiya ce. Wanda ya taɓa zuwa ɓangaren haihuwa na babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki tun 2008 a kan haihuwa da yoyon fitsari, ya san yawan matan da ake kawowa a makare daga ƙauyuka bayan doguwar naƙuda. Rashin ma'aikaciya mace a ƙaramin asibiti ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta sauya sharaɗin makaranta. Karatun jinya da ungozoma, irin wanda ake yi a kwalejin Birnin Kudu, yana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Karatun ma'aikatan lafiya na matakin farko da ake kira CHEW, wanda ake yi a makarantar kiwon lafiya ta Jahun shekara uku, shi ma darussan kimiyya yake nema. A cikin biyar ɗin nan ba ki da kiredit ko ɗaya a yanzu, biyu kuma ba ki taɓa buɗe littafinsu ba. Ma'ana, kafin ki taka ƙofar makarantar, sai kin koyi abin da ɗaliban kimiyya suke koya daga aji huɗu zuwa aji shida na sakandare, ki ci jarrabawa, sannan ki shiga takara da 'yan matan da suka gama bara, ga masu nema da yawa guraben kaɗan. In kin samu, karatu ne na zama a makaranta, da fita aikin gwaji a asibitoci, da kwanan dare a bakin aiki. Birnin Kudu tana can kudancin jiha, ku kuna arewa, ba wurin da za ki je da safe ki dawo da yamma ba ne. Ban ce ba zai yiwu ba, akwai matan da suka yi. Amma lissafin gaskiya shekara biyar ne ko fiye, kuma ya kamata maigida ya san da wannan kafin ya ɗora burinsa a kai. Ina kyautata zaton bai sani ba. Yawancin mutane suna ɗauka duk mai takardar sakandare za ta iya shiga.

Ga aikin wata ukun da na ce. Ki nemi izinin maigida, ki je wurin ma'aikacin asibitin garinku ki ce kina so ki riƙa taimakawa ranar awo da ranar rigakafi: kiran suna, ɗora jarirai a sikeli, tsara layi, yi wa mata bayani. In akwai babban asibiti kusa da ku, ki roƙi wata malamar asibiti ta bar ki ki zauna kusa da ita ko da kwana biyu ne. Jirin ganin jini wani lokaci rashin sabo ne yakan wuce, wani lokaci kuwa halitta ce ba ta barin mutum, kuma ba a gane wanne ne daga cikin ɗaki. A gefe guda ki ari littafin Kemistiri na aji huɗu, ki nemi malamin kimiyya na sakandaren da ta fi kusa da ku, ko wata ɗaliba mai ƙoƙari, ku riƙa zama sau biyu a mako. Ki yi da zuciya ɗaya, kada ki shiga da niyyar faɗuwa don ki samu hujja. Ki kuma yi istihara. Bayan wata uku za ki san abin da ba ni ba, ba Yaya ba, ba maigida ba, babu wanda zai iya gaya miki.

In kika ga ranki ya kwanta da asibiti, Kemistiri kuma yana shiga, to alhamdu lillahi, sai ki ba shi shekara ɗaya ko biyu na shiri, ki nufi Jahun. In kuwa abin ya ƙi, za ki koma wa maigida da abin da ya gani da idonsa: kin je, kin gwada, kin girmama maganarsa. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba ranar da ya dawo daga kasuwar Maigatari a gajiye ba. Ki fara da ƙanwarsa, ki ambace ta da sunanta, ki yi mata addu'a. Sannan ki nuna masa takardar sharuɗɗan shiga, ki ajiye sakamakonki kusa da ita ya gwada da kansa. Kada ki tsaya a "ba zan iya ba", ki zo masa da wata hanyar cika burinsa. Me ya sa garinku ba shi da ma'aikaciyar lafiya mace 'yar gari? Domin babu yarinyar da ta yi nisa a karatu har ta ci Kemistiri da Fiziks. Me ya sa? Domin tun daga firamare ake rasa su, suna kai aji shida ba su iya karatu sosai ba, iyaye kuma ba sa sakin jiki da makarantar da babu malama mace ko ɗaya. Malama ɗaya 'yar gari da iyaye suka sani suka amince da ita tana iya riƙe 'yan mata da yawa a makaranta, a cikinsu ungozomar da yake nema za ta fito, wataƙila ma daga ɗakinki. Kafin nan kuma, matan auren da suke zama a gabanki a Islamiyya su ne dai waɗanda ba sa zuwa awo. Maganarki tana da nauyi a wurinsu fiye da ta kowane ma'aikaci. Shi kuma maigida ya haɗa kai da mai unguwa da liman da kwamitin lafiya na mazaɓarku su kai kuka ƙaramar hukuma a turo ma'aikaciya mace. Wannan aikin maza ne da za a iya farawa a watan nan, ba sai an jira ki shekara biyar ba.

Yayanki yana son ki da girma, shi ya sa yake hango miki digiri. Amma bai yi wa NCE adalci ba. Ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin ƙasar nan ya amince a koyar da ita, shekara uku ce, kuma ba rufaffiyar hanya ba ce. Mai NCE da sakamako mai kyau tana shiga jami'a a aji biyu kai tsaye, ko a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko a Jami'ar Bayero a Kano, dukkansu suna da tsangayar ilimi. Ga mace mai 'ya'ya huɗu, akwai bambanci babba tsakanin tsani mai wurin hutawa a tsakiya da wanda sai an kai ƙarshe. In rayuwa ta tsayar da ke bayan shekara uku, kina da takardar da za ki nemi aiki da ita. In ta tsayar da ke a aji uku na jami'a, ba ki da komai a hannu sai tsohon sakamakon sakandare. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Jiha a nan Gumel kusa da ku, Kano da Kafin Hausa kuwa sai kin ƙaura.

Maganar rage shekaru kuwa, ki ce masa a'a cikin ladabi, kada ki ja da baya. Ƙarya ce, kuma ƙaryar da za ki riƙa ɗauka a jaka duk tsawon aikinki. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma ranar haihuwar da ke jikinta ana gwada ta da ta sauran takardu. Mutane da yawa sun sha wahala wajen tantance ma'aikata saboda takarda ɗaya ta saɓa wa ɗaya. Dalilin da yakan sa a rage shi ne bautar ƙasa, ita kuwa mai NCE ba ta zuwa, wanda ya gama digiri bayan ya haura 30 kuma takardar ɗauke masa ake ba shi, ana karɓar ta wajen neman aiki. Abin da za ki sa Yaya ya yi miki mai amfani shi ne ya duba sunanki da ranar haihuwarki a sakamakon sakandare da NIN, harafi da harafi. In an rubuta sunan mahaifinki a ɗaya, sunan maigida a ɗaya, a gyara tun yanzu ta hanyar da ta dace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko me kika zaɓa, sai kin sake zama jarrabawar Turanci da Lissafi. Ko da a ce wani kwas zai karɓe ki a haka, ranar da za ki nemi digiri ko aiki za a sake tambayar su, gara ki gama da su tun ƙwaƙwalwa tana kan karatu. NECO tana shirya ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC tana yi sau biyu a shekara, kuma ana haɗa sakamakon zama biyu, don haka kiredit huɗun da kike da su ba su faɗi ba, sakamakon sakandare ba ya tsufa. Za a zo miki da maganar cibiyar da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa. Ƙanwata, malama kike so ki zama. Turancin da aka saya miki ba zai tsaya tare da ke a gaban allo ba, kuma yaran da za su cutu na garinku ne. Jarrabawar JAMB kuwa a kwamfuta ake yin ta, darasi huɗu har da Turanci. Ki riƙa shiga shagon kwamfuta a Gumel kina gwaji har hannunki ya saba da linzamin, mutane da yawa sun san amsa amma tsoron na'urar ya cinye musu lokaci.

To a cikin NCE ɗin wane kwas? Nan ne nake so ki yi tunani sosai, don na san abin da zuciyarki za ta ce: Hausa da Addinin Musulunci, tunda su kika fi ƙarfi. Kwas ne mai daraja, za ki ci shi cikin sauƙi, amma nan ne cunkoson yake. In aka buɗe ɗaukar malamai, layin masu wannan takardar ya fi kowanne tsawo, makarantun ƙauye kuwa kukansu na malaman Turanci da Lissafi da Kimiyya ne, da wanda ya iya koyar da ƙananan yara karatu. Ki tambayi hedimastan firamarenku wane malami yake nema bai samu ba, amsarsa ta fi ta kowa amfani a gare ki. Ni dai da zan zaɓa miki, zan ce ki dubi kwas ɗin ilimin firamare da ɗalibai suke kira PES, wanda yake horar da malami ya riƙe aji gaba ɗaya, ko na renon ƙananan yara kafin firamare. In Turancinki ya yi ƙarfi bayan shirin nan, haɗin Turanci da Hausa ma zaɓi ne mai kyau. Dalilina shi ne baiwar da kika nuna shekara shida ba ta haddar darasi ba ce, ta haƙurin zama da wanda bai san komai ba har ya fara karantawa. Irin wannan haƙurin ba kowa Allah ya ba ba, kuma a aji ɗaya da aji biyu aka fi buƙatar sa. Ilimin addininki kuwa ba inda zai je, Islamiyya tana nan da yamma. Ki je kwalejin da ƙafarki, ki shiga ofishin ɗaukar ɗalibai ki karɓi sharuɗɗan bana na kowane kwas a rubuce, sannan ki tsayar da matan aure biyu ko uku a harabar ki tambaye su yadda suke yi. Zuwa da kai ya fi aike.

In zuwa kullum zai gagara, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976. Tana ba da NCE daga nesa, ana haɗuwa a cibiyoyin karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Ta dace da mai gida da yara, sai dai nauyin karatun a kanki yake, babu malamin da zai bi ki kullum, kuma wanda ya daɗe da barin aji yakan fi amfana da zama gaban malami. Buɗaɗɗiyar jami'ar nan ta NOUN ma tana nan, amma harkarta ta intanet da kwamfuta ce, ga ƙauyen da sabis yake zuwa yana ɗaukewa ban ga dacewarta da ke a yanzu ba.

Kuɗi. Ku zauna da maigida da biro da takarda, kada ku tsaya a kuɗin makaranta, don sau da yawa shi ne ƙarami. Kuɗin mota kullum ko hayar ɗaki, takardun darasi, abincin rana, zangon koyarwar gwaji da za a tura ki wata makaranta, aikin bincike na shekarar ƙarshe, duk ku rubuta, ku ninka sau uku. Riɗi kuwa kin fi ni sanin halinsa, shekarar da ya yi kyau farashi yakan faɗi, shekarar da ya yi tsada damina ba ta ba da shi ba. Kada karatun shekara uku ya rataya a kan kaka ɗaya. In an sayar bana, a sayi tunkiya ko akuya biyu da sunan makaranta, ki shiga adashin da kwasarki za ta faɗo lokacin rajista. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka sa wa dokarsa hannu a 2024, babu kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati. Amma bashi ne, ranar biya tana zuwa, ku ajiye shi a matsayin na ƙarshe. Kuma in Allah ya kawo rabo a tsakiyar karatu, kada ki ɓace shiru. Ana rubuta takardar neman ɗage zango, a koma bayan an yi arba'in an warware.

Uwar mijinki ta yi tambaya mai kyau, ko da ta yi ta da zafi. Wa zai riƙe gida? In ba ku amsa ta da tsari ba, gida zai amsa ta da kansa, kuma a kan yarinyar nan mai shekara 14 amsar za ta faɗa. Wannan ne wurin da ba zan sassauta ba. Taya ki aiki daidai ne, kowace 'ya tana yi. Amma ranar da ta fara makara saboda girkin safe, ko fashin makaranta saboda ƙaninta ba shi da lafiya, to kin sayi karatunki da nata, kuma ba ki yi riba ba. Shekarunta ne ake zaɓar ajin kimiyya ko waninsa. In tana da ƙoƙari da sha'awa, ita ce take da lokacin da za ta yi Kemistiri da Fiziks a natse. Kada dai ku ɗora mata burin babanta dole, kamar yadda ba kya so a ɗora miki. Mazan ma su koyi ɗebo ruwa da wanke kwanukansu, ba abin kunya ba ne. A samu wata 'yar'uwa babba ko maƙwabciya da za a riƙa ba wani abu a wata ta kula da abincin rana, a sa kuɗinta cikin lissafin makaranta tun farko.

Ita kuma Inna, kada ki bari ta ji labari a bakin mutane, kada kuma ki aika maigida shi kaɗai ya gaya mata an riga an yanke. Ki je ɗakinta da kanki da ɗan goronki, ki durƙusa ki ce kin zo neman albarkarta da shawararta. Ki gaya mata wanda zai yi girki, lokacin da za ki fita da lokacin da za ki dawo, da cewa abincinta da maganinta ba za su taɓu ba. Ki tuna ita ce ta haifi wadda ta rasu. Tsohuwar da ta binne 'yarta tana tsoron duk abin da zai fitar da mace daga gida ya hau da ita titi, ko da ba ta faɗa da wannan lafazin ba. Wataƙila ba za ta amince a zaman farko ba, kada ki mayar da magana, ki sake komawa. In akwai wata dattijuwa da take jin maganarta, musamman cikin matan da kike koyarwa, ki roƙe ta ta sa baki.

Abu ɗaya ya rage da ba na so ki ji shi bayan kin gama: takarda ba alƙawarin aiki ba ce. Akwai masu NCE da yawa a Jigawa da suke jira, wasu ta shirin jiha na ɗaukar malamai, J-Teach, suka fara da alawus kafin a tabbatar da su, kuma sai kin yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Abin da kike da shi wanda yawancinsu ba su da shi shi ne ke 'yar gari ce, ba za ki nemi a mayar da ke birni bayan wata shida ba, ga shekara shida a gaban ɗalibai. Ki sa shugaban Islamiyyarku ya rubuta miki takardar shaidar shekarun nan da hatimi, ki adana ta tare da sakamakonki. Ki kuma gabatar da kanki ga hedimasta tun yanzu, ko da aji ɗaya ne ki riƙa taimakawa da safe, ya san fuskarki da aikinki kafin ranar da za a tambaye shi wa yake so.

A makon nan dai ki ciro sakamakon daga ƙasan akwati, ki nemi izinin zuwa asibiti ranar awo mai zuwa, ki ari littafin nan na Kemistiri. In wata ukun sun cika ki sake rubuto min, ki gaya min yadda kika ji ranar da kika fara ganin an yi wa jariri allura a hannunki, da abin da hedimasta ya ce yana nema. Ki gaishe min da Inna da yaran.